Ƙwari sun ci maka irin tumatir a wurin reno: ka lallaɓa shi ko ka sake yafi?

Assalamu alaikum 'yan uwa manoma, musamman sababbin shiga harkar lambu. Daga watan Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da kowa ya zuba irin tumatir da attaruhu da tattasai yana shirin rani, tambaya ɗaya ce take ta dawowa: "Malam na zo da safe na tarar an cinye min iri, in yi feshi in jira ko in sake zuba wani?" Toh amsar ba a ido take ba wlh, don fangalin da ka gani duk ganye ya huhhuje ka ɗauka ya gama yawo sau da yawa shi ne yake farfaɗowa cikin sati, wanda kuma ka gani kore shar sai ɗan nannaɗewar ganye a sama shi ne zai cinye maka kuɗin taki da man inji wata uku ya ba ka kwandon da bai taka kara ya karya ba. Abu huɗu ake dubawa a jikin tsiron, kansa da karansa da saiwarsa da alamar cuta, sannan a duba kalanda. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya yadda nake yi a nawa lambun, kuma da tumatir zan fi misali, inda attaruhu ya bambanta zan faɗa.

Kayan da za ka tanada

Ba wasu kaya masu tsada ba ne. Tocila mai haske sosai (ta waya ma ta isa), farar takarda ko farin faranti, ƙaramar wuƙa ko tsinken kara na tono, bokiti biyu, baƙar leda mai kauri ta zuba waɗanda za a zubar, da 'yan tsinkaye ko igiyar leda ta yin alama. In kana da gilashin nan mai ƙara girman abu to madalla, in babu ka buɗe kyamarar waya ka jawo hoton kusa, tana nuna ƙananan ƙwari fiye da yadda kake zato.

Na magani kuma: 'ya'yan darbejiya busassu, sabulun ruwa ko sabulun salo, tsumma mai tsabta na tacewa, famfon feshi, tsohon gidan sauro, da jarka mai ruwan ɗorawa wadda za ka yanka. Famfon da aka taɓa fesa maganin ciyawa da shi kar ka kusanci iri da shi ko da an ɗauraye, ɗan abin da ya rage a tiyo ya isa ya murɗe maka fangali guda, kai kuma ka ɗora wa ƙwari laifi. In ba ka da wani famfon ka samu ƙaramar robar feshi irin ta masu aski, wurin reno ai ba shi da faɗi.

Sai ragowar iri. Duk wanda ya zuba irinsa kaf bai rage ko kwata ba ya ɗaure kansa da kansa. In akwai saura ka fito da shi tun yau ka ajiye kusa.

1. Kar ka fesa komai tukuna, fara gano waye ya yi ɓarnar

Nan mutane suka fi yin kuskure. Mutum ya ga ɓarna sai ya ruga shagon magani ya ce a ba shi "mai ƙarfi", ya zo ya kwarara wa tsiron da bai fi sati biyu ba da tsakar rana, washegari abin da ƙwaro ya bari magani ya ƙone shi. Ka ba kanka yini ɗaya da dare ɗaya na bincike, ba abin da zai ƙara lalacewa a wannan ɗan lokacin da ya kai asarar feshin makanta.

In ka tarar da tsirrai a kwance an datse su daga gindi daidai ƙasa, ganyen ma ba a ci ba, to gyare ne ko tsutsar ƙasa. Sa tsinke ka tona kewayen wanda aka yanke, zurfin gaɓar yatsa ɗaya zuwa biyu, za ka ci karo da wata tsutsa mai kauri launin toka ko ƙasa-ƙasa, kana taɓa ta sai ta dunƙule ta yi lamo. Da rana tana ɓoye, da dare take fitowa. Gyare kuma raminsa za ka gani da 'yar sabuwar ƙasa a bakinsa, wani lokacin har da guntun ganye da ya ja ciki. Bayan isha'i ka dawo da tocila, ido da ido za ku haɗu.

In ganyen aka ci daga gefe, manyan giɓi, karan yana tsaye, fara ce ko tsutsar ganye, wani lokaci ƙadangare ko kaji. Wannan ita ce ɓarnar da ta fi tayar da hankali a ido kuma ita ce mafi sauƙi.

In ka ga wani farin tabo mai faɗi a ganye, fatar sama da ta ƙasa suna nan amma koren da ke tsakani babu, tsinko ganyen ka ɗaga shi saitin rana. Za ka hango 'yar tsutsa a ciki da baƙin kashinta tare a gefe guda. Wannan ita ce Tuta absoluta, wadda manoman Kano suke kira Sharon. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta shiga Sifen a 2006, a 2016 kuma ta yi mana ɓarnar da har yau ake labari, gonakin Kadawa da Kura da su Kaduna da Katsina da Jigawa suka lalace kaf, gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kamfanin tumatir na Ɗangote da ke Kadawa ya tsaya don babu abin niƙawa. Uwar wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai launin toka da ke yawo da dare, guda ɗaya tana iya saka ƙwai sama da 200, kuma in da zafi cikin wata guda ƙwan ya zama uwa. Kar ka haɗa ta da ɗaya mai haƙar ganyen, wadda take barin siririn farin zane mai lanƙwashe-lanƙwashe, wannan tsutsar wani ɗan ƙuda ce kuma ɓarnarta ba ta kai ta Sharon ba ko kusa.

Yanzu shafa saman tsirran da tafin hannu a hankali. In wasu fararen 'yan mitsi-mitsi suka tashi buu suka sake sauka, farin ƙuda ne, kuma shi ne abin tsoro na gaske, ba don abin da yake tsotsa ba, don cutar nannaɗe ganye da yake ɗaukowa daga tsohuwar gona ya sa wa sabon iri. Juya bayan ganye, in ka ga ƙananan ƙwari kore ko baƙi sun yi cincirindo, ganyen yana danƙo, kiyashi na hawa da sauka, darɓa ce. Sannan ka sa farar takardar nan a ƙarƙashi ka kaɗa tsiron, in wasu jajayen ɗigo-ɗigo suka zubo suna tafiya to jan gizo ne, shi ya fi son lokacin zafi da ƙura, ganyen sai ya yi ɗige-ɗige fari ya koɗe.

Akwai kuma wanda ba ƙwaro ba ne sam amma kullum ƙwaro ake zargi. Tsiro ya faɗi, ka duba gindin ba yanka ba ne, ya sirance ne ya yi laushi ya yi ruwa-ruwa, kuma faɗuwar gungu-gungu take yi tana faɗaɗa. Wannan ruɓewar gindi ce, yawan ban ruwa da cunkoson yafi da rashin iska ke kawo ta. Ko jarka guda ta maganin ƙwari ka juye ba abin da zai yi mata. Rage ruwa, ɗaga rumfar rana ta shiga, ka kwashe wurin da ya kamu har da ƙasarsa.

2. Duba kowane tsiro, ka raba su kashi uku

Ka zauna da sassafe kafin rana ta yi zafi, lokacin tsiro yana tsaye da ƙarfinsa, in ka duba da azahar har lafiyayyen ma zai yi maka kama da mai mutuwa.

Fara da kai, wato tsakiyar saman nan inda sabon ganye ke fitowa. In yana nan kore, ko da an cinye rabin sauran ganyen, wannan tsiron zai tashi, bar shi. In an cinye kan amma akwai ganyen gaske ko biyu a ƙasa, tumatir zai fitar da reshe daga hammatar ganyen, zai yi jinkirin sati ɗaya zuwa biyu amma zai yi. In abin da ya rage ganye biyun farko ne kawai, waɗannan santala-santalan da suke fara fitowa daga ƙwaya, yana iya tohowa amma sai ya sha wuya, ni ba na lissafi da shi sai in irin mai tsada ne. In kuma an yanke shi ƙasa da waɗannan ganye biyun, ya mutu, babu inda zai toho, kar ka ɓata ruwanka kana jiran kututture.

Sai kara. Kama shi da yatsa biyu kusa da ƙasa. Mai tauri, an ɗan gatsa gefe ɗaya, tumatir yana jure wannan, ka tara masa ƙasa ta rufe ciwon zai fitar da sabuwar saiwa ta sama da wurin. Wanda aka gaigaye kewaye, ko Sharon ta huda ta shiga cikin karan har kan ya langaɓe, fitar da shi.

Saiwa kuwa ba sai ka tumɓuke duka ba. Jiƙa fangalin, ka ɗago kamar goma daga wurare daban-daban, ka ɗauraye a bokiti. Lafiyayya fara ce mai yawan gashi. In ta yi ruwan ƙasa tana saɓulewa tana wari, ta ruɓe. In kuma ka ga ƙulli-ƙulli a jikinta jere kamar carbi, tsutsar saiwa ce wadda ido ba ya gani, ta fi yawa a jigawa da wurin da aka daɗe ana maimaita tumatir ko kuɓewa. Wannan babu lallaɓawa. Tsiron zai iya yi maka kyau a sama yanzu, amma in ka dasa shi ka kai cutar gonarka da hannunka, kuma ba ta fita a shekara ɗaya. In ka samu ƙullin a uku ko huɗu cikin goman nan, ni dai fangalin gaba ɗaya nake haƙura da shi.

Na huɗu shi ne wanda ba a yi masa sassauci ko kaɗan. Sabon ganyen sama ya fito ƙanana, ya nannaɗe sama, gefensa ya yi ɗorawa, tsiron ya tsugune ya ƙi tsawo alhali 'yan uwansa sun wuce shi. Cutar da farin ƙuda ke kawowa ke nan. A attaruhu da tattasai za ka ga ganyen ya yi dabbare-dabbare, kore mai duhu da mai haske, ya yamutse, wannan kuma darɓa ce ta fi yaɗa ta. Babu maganinta a kowane shago, duk wanda ya ce maka yana da na feshi da ke warkar da ita kuɗinka yake so. Tsiron da ya kamu tun yana wurin reno kusan ba ya yin 'ya'yan kirki, fure zai yi ya zubar. Kuma ga wani abu da ya kamata ka sani, alamar ba ta fitowa sai bayan sati biyu zuwa uku da cizon, ma'ana in ka ga biyar sun nuna yau akwai wasu da suka kamu ba su nuna ba tukuna. Shi ya sa in na ga wannan alamar a wurare da yawa cikin fangali, ga kuma farin ƙuda na tashi, ba na tsayawa tsince-tsince.

Toh ka raba. Masu kyau ka bar su. Masu shakka ka kafa musu tsinke. Waɗanda suka tafi ka tumɓuke ka zuba a baƙar leda nan take, ka ɗaure bakin ka ajiye a rana kwana biyu ko uku, sannan ka ƙone ko ka binne da zurfi. Dan Allah kar ka watsar a bakin kwata ko kan kunya, tsutsar Sharon fitowa take daga ganyen ta shige ƙasa ta ƙarasa girma ta dawo maka da fukafukai.

3. Ƙirga, sannan ka kalli kalanda

Ka san adadin da gonarka ke buƙata. In tazararka santimita 60 tsakanin layi da 50 tsakanin tsiro, hekta guda tana cin tsiro wajen 33,000, sai ka lissafa naka filin daga nan, ka ƙara kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na cike gurbi. Ba sai ka ƙirga fangalin duka ba, auna taƙi biyu tsawo taƙi biyu faɗi a wuri uku, ka ƙirga masu kyau da marasa kyau a ciki.

Ƙa'idar da nake bi, kuma tawa ce ba ta littafi ba: in bakwai cikin goma suna da kyau kuma ɓarnar ta cin ganye ce, ceto zan yi. In masu kyau ba su kai rabi ba, ko matsalar saiwa ce ko cutar nannaɗewa, sabon yafi. In abin ya faɗo tsakani, duka biyun nake yi, in lallaɓi na ƙasa kuma in zuba sabo ranar, don kuɗin ɗan irin da za ka ƙara bai kai darajar sati biyun da za ka rasa kana jiran gani ba.

Shekarun tsiron ma suna da magana. Wanda bai wuce kwana goma da fitowa ba, in ya sha ɓarna sake zuba kawai, abin da ka rasa kaɗan ne, sabon zai kamo shi ya wuce. Wanda ya kai sati uku ko huɗu yana dab da dashe shi ya cancanci wahala.

Sai kalanda. Tumatir yana fitowa cikin kwana 5 zuwa 10, ya isa dashe a sati huɗu zuwa biyar. Attaruhu kuwa fitowar kaɗai tana iya cin sati biyu, dashe sai sati shida zuwa takwas. Kaga sake yafin attaruhu kusan wata biyu ne, don haka shi an fi yi masa haƙuri. Mu a nan Arewa sanyin hunturu shi ne jarin mai tumatir, so ake ya yi fure ya ɗaura 'ya'ya daga Disamba zuwa Fabrairu. In ka sake yafi a farkon Oktoba ba ka rasa komai ba. In ka sake a ƙarshen Disamba, furenka zai faɗo cikin zafin Maris, lokacin da fure ke zuba kuma Sharon da jan gizo suke kan ganiyarsu. A irin wannan halin gara ka dasa rabin gona da masu kyan da ka tsira da su, ragowar ka sa wani abu, ko ka sayi dashe a wurin wani.

Kuɗin iri shi ma a sa shi a sikeli. Mai irin tumatir UC82B ko Roma na gwangwani sake yafi ba zai girgiza shi ba. Wanda ya sayi haɗaɗɗen iri irin su Cobra ko Padma, da ake sayarwa 'yan giram kaɗan a ƙaramar fakiti da tsada, dole ya bi tsironsa ɗaya-ɗaya. Amma ko iri na nawa ne, tsadarsa ba ta wanke shi daga cutar nannaɗewa ko ƙullin saiwa ba.

4. In ceto ka zaɓa

Hannu ne farko. Tsinke duk ganyen da ke da tabon Sharon, ko ka murtsuke tsutsar a cikin ganyen da yatsa in ganyen kaɗan ne ba ka son rage shi. Kar ka tsige fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganyen tsiro a rana ɗaya. Tsutsar ƙasa ka tono ta, ramin gyare ka ɗura masa ruwan sabulu zai fito da kansa. Wasu suna cuɗa dusa da maganin ƙwari su barbaɗa da yamma, yana aiki, amma in akwai kaji ko zabi ko yara a kusa ka rabu da shi. Ka cire ciyawar da ke kewaye da wurin renon, nan suke kwana. In iri ya yi cunkoso ka rage, iska ta ratsa.

Sai darbejiya. Ɓare busassun 'ya'yan ka daka ƙwayar, giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, wato rabin kilo a bokiti mai lita 10. Jiƙa ya kwana, tace da tsumma sau biyu don kar ya toshe bakin famfo, ka zuba ɗan sabulu ya kama ganye, ka fesa da yamma rana ta yi sanyi, kuma bayan ganye za ka fi nufa don can suke. A yi amfani da shi ranar, ba ya ajiyuwa. A maimaita bayan kwana biyar zuwa bakwai. Ba ya kashewa nan take, hana su ci yake yi da hana su girma, don haka kar ka zo washegari ka ce bai yi ba. In ba lokacin 'ya'ya ba ne ka daka ɗanyen ganyen ka jiƙa, bai kai ƙwayar ƙarfi ba amma ya fi babu. Darɓa da jan gizo ko ruwan sabulu kaɗai yana rage su, ƙaramin cokali ɗaya a lita, amma banda garin sabulun wanki, yana ƙone ganye. Kowane haɗi ka fara gwada shi a tsiro kaɗan ka ga yadda suka kwana.

In abin ya fi ƙarfin darbejiya sai na kanti, kuma sunan sinadarin da ke jikin kwalba za ka karanta, ba sunan da mai shago ya faɗa ba. Sharon: emamectin benzoate, ko spinosad, ko chlorantraniliprole. Farin ƙuda da darɓa: imidacloprid ko acetamiprid. Jan gizo: abamectin. Su cypermethrin da lambda da aka saba da su suna kashe fara da tsutsar waje, amma Sharon ta daɗe da sabawa da su, ga shi kuma tana cikin ganye. Awon da aka rubuta shi za ka bi, kar ka ƙara "don ya fi ci", kar ka haɗa kala uku a famfo ɗaya, kuma kar ka maimaita sinadari ɗaya fiye da sau biyu a jere. Rufe hanci da baki, sa doguwar riga da takalmi, ka ba iska baya, ka yi wanka bayan ka gama, kwalbar kuma a fasa a binne kar ta koma gida a zuba mai ko ruwa. In kana kusa da malaman gona na KNARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Kano, ko makamantansu a jiharku, kai musu ganyen a leda su gani da idonsu, ya fi kwatance.

Bayan feshi ka kafa 'yan sanduna ka lulluɓe fangalin da gidan sauro, ka danne gefen da ƙasa kar a bar kafa. Yana tare fara da ƙadangare da kaji da uwar Sharon, farin ƙuda dai yana iya ratsa ramukansa, shi ya sa za ka yanka jarkar nan mai ruwan ɗorawa ka shafa mata giris ko man shafawa mai kauri ka rataya daidai saman tsirran, launin yana jan su su manne. Da dare kuma faranti da ruwan sabulu da 'yar fitila a sama, can gefe ba a kan fangalin ba, da safe za ka ga abin da ya faɗa. Sai dai ka tabbata ka kashe na ciki kafin ka rufe, in ba haka ba ka gina musu ɗaki ne.

Taki kuma a yi hankali. Mutum ya ga iri ya rame sai ya watsa masa yuriya, ya ƙone. Jira kwana uku bayan feshi, ka narka NPK 15-15-15 cikin kwalin ashana ɗaya a ruwa lita 10, ka ba su a gindi, ka bi da ruwa zalla ka wanke ganyen. Sau ɗaya a sati ya isa.

Daga nan ka ba su kwana biyar zuwa bakwai, kuma sabon ganye kaɗai za ka riƙa kallo. Tsohon da aka huda ba zai taɓa cikewa ba, manta da shi. Sabo ya fito shimfiɗe, kore, girmansa daidai, an tsira. Ya fito a murɗe, ko sati ya cika masu tsinken nan ba su motsa ba, leda.

Wata 'yar dabara ga mai iri mai tsada: tumatir ɗin da gyare ya datse, in ya kai tsawon yatsa ko fiye kuma ka same shi da sassafe bai yi yaushi ba, soka shi a jiƙaƙƙen yashi a inuwa, cikin sati ɗaya zuwa kwana goma yana fitar da saiwa. Attaruhu ba ya yarda da wannan da sauƙi, kar ka wahalar da kanka.

5. In sabon yafi ka zaɓa

Kar ka zuba a inda na farko ya lalace, abin da ya ci wancan yana nan yana jira. Matsa nesa, kuma nesa da tsohuwar gonar tumatir ko gauta ko yalo ko dankalin turawa, duk dangi ne a wurin waɗannan ƙwarin. In babu wani wurin sai nan, kwashe komai, tone ƙasar, ka tara kara da ciyawa mai kauri a kai ka ƙone, ka bari ta huce kwana biyu. Mai hali ya sayi tiren reno da garin ɓawon kwakwa da ake sayarwa, ya ɗora a kan benci sama da ƙasa, gyare da tsutsar saiwa sun fita daga lissafi ke nan. Marar hali ya huda ƙasan ledar fiya wata ko kwalin ƙwai, ya cika da ƙasar da ya gasa a tsohon rabin duro, haɗe da takin gargajiya wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji shi ke gayyato gara da tsutsa.

A layi za ka zuba, tazarar yatsa huɗu zuwa biyar tsakanin layi, zurfin bai wuce santimita ɗaya ba, ba watsawa ba. Giram ɗaya na irin tumatir ƙwaya wajen 300 ne, mutane suna zuba ninkin abin da wuri zai ɗauka. Gidan sauron kuma tun ranar yafi za a sa, ba sai an ga ɓarna ba. Ban ruwa da safe, ƙasa ta ɗan sha iska kafin dare.

In lokaci ya ƙure sai sayen dashe, ka je da kanka wurin renon, kar ka aika yaro ya karɓo maka ɗauri a kasuwa. Shafa saman ka ga ko farin ƙuda zai tashi, juya bayan ganye, ka ce a tumɓuko maka biyar ka wanke saiwar a gabansa. Mai kaya mai kyau ba zai ji haushi ba. Dogaye siraran da suka wuce sati shida, ko waɗanda suka fara fure a fangali, bar masa kayansa ko da rabin kuɗi ne.

6. Ranar dashe a sake tacewa

Ko waɗanda ka ceto ne ko sababbi, saura sati ɗaya dashe ka rage ruwa ka janye inuwa su saba da rana. Wanda ya kai ganyen gaske huɗu zuwa shida, kara ya yi kauri, shi ne ya isa. Ka jiƙa fangalin sosai kafin tumɓuka, ka dasa da la'asar, ka ba da ruwa nan take. Kana ɗauka kana duba saiwa da kai, duk wanda zuciyarka ta yi ɗar da shi ajiye shi gefe. Tumatir ɗin da aka gatsa a kara ka nutsa shi har wajen ganyen farko, attaruhu kuma a daidai zurfin da yake a fangali ko ƙasa kaɗan.

Waɗanda suka yi jinya kar ka cakuɗa su da lafiyayyu, ba su layinsu a gefe ɗaya inda idonka zai riƙa kai wa kullum, in wata cuta ta ɓoye a jikinsu nan za ta fara nunawa ka tumɓuke da wuri. In gyare ko tsutsar ƙasa ce ta dame ka a wurin reno, yanka robar ruwa ka yi wa kowane dashe zobe a gindi, rabi a cikin ƙasa rabi a waje, har sati biyu karan ya yi tauri. Ragowar irin kuma kar ka watsar da shi ranar, ci gaba da ba shi ruwa ƙarƙashin gidan sauron kwana goma, da shi za ka cike gurbin waɗanda ba su kama ba, bayan nan sai ka tumɓuke duk abin da ya saura ka ƙone don kar fangalin ya zama gidan Sharon a gefen gonarka.